Farfesa Ishaya Audu: Likitan da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello bayan ta zama marainiya

A shekarar 1966 aka damƙa wa Dakta Ishaya Shu'aibu Audu ragamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shekarunsa 39 a duniya, jami'ar kuwa ko huɗu ba ta cika ba. Wanda ya kafa ta, kuma ubanta na farko, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, sojoji sun kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairun wannan shekara. Kafin sabon shugaban ya gama sanin ciki da wajen ofishinsa, an rushe gwamnatin Jihar Arewa da ke biyan albashin malamai, ƙasar kuma ta faɗa yaƙin basasa. Cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi, makarantar ta rasa uba, ta kuma rasa mai ciyar da ita.

Shekara tara ya yi a kan kujerar. Ranar da ya sauka a 1975, jami'ar ta riga ta shiga sahun mafi girma a Afirka kudu da Sahara, kuma da yawa daga 'yan Arewan da suka riƙe manyan ofisoshin tarayya a Legas, daga baya a Abuja, ta ƙofarta suka fito. Ana yawan tuna shi da muƙamin Ministan Harkokin Waje, domin shi ne ya fi fitowa a jaridu. Amma aikin da ya fi tasiri a rayuwarsa a Samaru ya yi shi.

An haife shi ranar 1 ga Maris, 1927 a Anchau, gabas da Zariya. Asalin gidansu yana komawa ga wata jama'a da tarihi ya sani da sunan Isawa. A tsakiyar ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya tara almajirai a kan wata koyarwa da ta ba Annabi Isa, Alaihis Salam, matsayi na musamman. Hukumomin Kano suka ɗauki abin a matsayin kauce wa hanya, aka kashe malamin, mabiyansa suka watsu zuwa duwatsun Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. Wajen 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka haɗu da Dakta Walter Miller, ɗan mishan ɗin CMS da ke zaune a birnin Zariya tun 1905, suka karɓi addinin Kirista, suka kafa ƙauye a Gimi. Ƙauyen bai yi tsawon rai ba. Ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, cikin 'yan shekaru ya kusa ƙarar da mutanen, waɗanda suka tsira suka komo Zariya. A ƙarshen shekarun 1920 mishan ɗin ya tashi daga cikin birni ya tare a Wusasa.

Wannan ciwo ya dabaibaye yankin da aka haifi Audu har ta kai gwamnatin Turawa, a ƙarshen shekarun 1930, ta sare kurmin bakin rafuka, ta tayar da mutane daga matsugunansu, ta gina sabon gari kusa da Anchau mai suna Takalafiya. Yaron da ya tashi da labarin Gimi a kunnensa ba ya bukatar a faɗa masa amfanin likita.

Wusasa ƙaramin wuri ne, amma abin da ya fito daga cikinsa ya fi girmansa. Can ne Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya fito, shi ne kuma ya jagoranci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. Can ne Yakubu Gowon ya girma. A makarantar St. Bartholomew ta garin Audu ya fara karatu, daga nan ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Legas, sai Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarar da aka buɗe ta, 1948. Ya tafi Landan a 1951, ya kammala karatun likita a 1954, ya ƙara da wani a Liverpool. Ya ƙware a kan cututtukan yara, ya koyar a Jami'ar Legas, ya yi bincike a Jami'ar Rochester ta Jihar New York a Amurka. Shi ne kuma likitan Sardauna. Bahaushe Kirista ke duba lafiyar jikan Shehu Usman Ɗanfodiyo, kuma a wancan zamani hakan bai zama abin surutu ba.

Domin a fahimci nauyin da ya ɗauka, sai an dubi yadda ilimin boko yake a lokacin. A 1957 makarantun sakandare 18 ne a duk faɗin Arewa, alhali Kudu na da 176. Rahoton hukumar Sir Eric Ashby na 1960 ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoba, 1962 ta hanyar haɗa makarantun da ke akwai: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Samaru, Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, tashar binciken aikin gona ta Samaru, gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Kano da aka sa wa sunan Sarki Abdullahi Bayero. Tsangayoyi huɗu, sassa 15, ɗalibai 426. Shugaban farko, Dakta Norman Alexander, masanin kimiyyar fiziks ne ɗan New Zealand. Cikin malaman da aka fara ɗauka, 'yan Najeriya biyu ne kawai, Iya Abubakar a fannin lissafi da Adamu Baikie a fannin ilimi. Wato an gina wa Arewa jami'a, amma Arewa ba ta da isassun 'ya'yan da za su cika azuzuwanta, balle su koyar a ciki.

Shekarar 1966 ta ƙara dagula wannan lissafi. Ranar 24 ga Mayu Janar Aguiyi-Ironsi ya fitar da dokar soja mai lamba 34, wadda ta soke tsarin tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya. Ma'aikata da ɗaliban Arewa suka ga cewa idan takardar shaida kaɗai za a duba, to, an gama da su. Ɗaliban Zariya na cikin waɗanda suka fito zanga-zanga, abin kuma ya rikiɗe ya zama kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, aka sake yin mafi muni a watannin Satumba da Oktoba. Ɗalibai, malamai, akawuna da masu gyaran na'urori 'yan Gabas suka bar Samaru. Jami'ar da dama ba ta da isassun hannaye ta wayi gari da ofisoshi babu kowa.

Ranar 27 ga Mayu, 1967 Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu daga tsohuwar Jihar Arewa: Arewa maso Yamma, Arewa ta Tsakiya, Kano, Arewa maso Gabas, Binuwai-Filato da Kwara. Lardin Neja, da Minna da Bida da Kwantagora, ya faɗa ƙarƙashin Sakkwato. Kadarorin da ba su rabuwa, irin su jaridar New Nigerian, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ita kanta jami'ar, aka sa su a hannun wata hukumar riƙon ƙwarya da ake kira ICSA. Duk ma'aikacin da ya taɓa bin fayil ɗin kuɗi daga tebur zuwa tebur zai gane ma'anar wannan. A da Firimiya ɗaya ake gani, magana ta ƙare. Yanzu gwamnonin soja shida ne, kowa da talaucin baitulmalinsa, kowa na ƙirga yawan 'yan jiharsa da aka ɗauka, kuma ana cikin yaƙi. Cewa jami'ar ba ta tsage gida shida ba a waɗannan shekaru, ba ƙaramin aiki ba ne, ko da yake irin aikin ne da ba ya barin gini a ƙasa da za a nuna.

Tambayar da ke gaban Audu ita ce wace irin jami'a za a yi. Shi kansa ɗan Ibadan ne, Ibadan kuwa a kan tsarin Landan aka gina ta: ɗalibai kaɗan, zaɓaɓɓu, masu babbar shaidar sakandare, karatun shekara uku, kuma har 1962 digirin Jami'ar Landan take bayarwa. Tsari ne mai kyau ga ƙasar da makarantun sakandarenta suka ƙoshi. Ga Arewa, riƙe shi yana nufin a zauna jiran shekara ashirin.

Akwai wani tsarin dabam, wanda ya samo asali a Amurka ta ƙarni na 19. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha filayen gwamnati ta sayar ta kafa kwalejin koyar da noma da sana'o'in hannu ga 'ya'yan talakawa. Kwalejin Aikin Gona ta Kansas, da aka kafa a 1863, tana cikin na farko. Shekara goma ta yi tana koyar da darussan gargajiya na Turai kamar sauran, manoma na gunaguni, sai aka naɗa mata wani limamin coci, John Anderson, ya shugabance ta daga 1873 zuwa 1879. Ya ture Latin da Girkanci gefe, ya shigo da gona, ƙira, kafinta, ɗab'i da ɗinki. Malamai sun yi masa bore, wasu sun rasa aikinsu, amma kwalejin ba ta koma gidan jiya ba. Daga baya Anderson ya shiga majalisar dokokin ƙasarsa, ya ƙare a matsayin ƙaramin jakada a Alƙahira. Mai wa'azi, shugaban makaranta, ɗan siyasa, jami'in diflomasiyya: matakan da Audu ma ya taka ke nan, sai dai shi wa'azin a ƙarshe ya zo masa.

Wannan kwaleji ta Kansas, bayan ta zama jami'a, ita ce ta turo malamai Samaru a shekarun 1960 da kuɗin hukumar USAID, suka taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi. Ba Audu ne ya ƙulla wannan hulɗa ba, ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki ruhin tsarin, wato jami'a ta fita daga harabarta ta yi wa jama'ar da ke ciyar da ita aiki, ya shimfiɗa shi a kan sauran fannoni.

Mataki mafi girma shi ne Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a, wadda kowa ya sani da SBS. Maimakon a jira makarantun sakandare su samar da masu babbar shaida, sai jami'a ta ɗauko waɗanda suka gama aji biyar da sakamako mai kyau, ta koyar da su da kanta a cikin Samaru, sannan su wuce karatun digiri. A aikace an mayar da karatun shekara huɗu ke nan, irin na Amurka. An yi adawa da shirin. Masu adawar sun ce koyar da darussan sakandare ba aikin jami'a ba ne, kuma za a zubar da darajar digiri don neman yawa. Tsoron nasu ba shirme ba ne, domin an ga inda irin wannan ƙofa ta zama ta alfarma. Amma waɗanda suka bi ta SBS a shekarun farko sun zauna aji ɗaya da masu babbar shaida, sun rubuta jarrabawa ɗaya, kuma aikin da suka yi daga baya a asibitoci, kotuna da ma'aikatu ya isa amsa. Yaron da ya gama sakandare a Bida ko Katsina ko Yola, wanda a da iyakarsa akawun En'e ko malamin firamare, sai ga shi da hanyar zama injiniya. Lokacin da jami'ar ta cika shekara goma a 1972, ɗalibanta a dukkan matakai sun haura 7,000, ta kuma yaye masu digirin farko fiye da 2,000. Jihohi suka kwaikwayi tsarin da nasu kwalejojin share fage, jarrabawar IJMB da jami'ar ke gudanarwa har yau kuma daga wannan tushe ta tsiro.

A fannin da ya fi sani, wato lafiya, ya yi wani abu mai kama da haka. Aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967, ana tsakiyar rikici, ba tare da jiran a gina katafaren asibitin koyarwa ba. Jami'ar ta karɓi asibitocin gwamnati na Zariya, Kaduna da Malumfashi, ta sa su ƙarƙashin Cibiyar Lafiya, ɗalibai suka koyi aiki a kan cututtukan da ke kashe mutanen yankin. A waɗannan ɗakunan jinya ne Brian Greenwood ya yi bincikensa a kan sanƙarau a shekarun 1970, David Warrell kuma a kan saran kububuwa, ayyukan da likitocin duniya ke komawa gare su har gobe.

Haka abin yake a gona. A wancan lokaci Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da rassa a Kano da Mokwa, wadda a yau take cikin Jihar Neja. Wani masanin tattalin arziki, David Norman, da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna bin manoman Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi, suna auna aikinsu da amfaninsu. Sakamakon ya kunyata masu ganin manomin Hausa bai san abin da yake yi ba: haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ya fi ba shi riba da kwanciyar hankali a kan shuka iri ɗaya da malaman gona ke ta tallatawa. A sashen tarihi kuwa Farfesa Abdullahi Smith ya tayar da ɗalibai masu karanta tarihin Daular Sakkwato da Borno daga rubuce-rubucen malamansu na Larabci, ba daga rahoton Razdan kaɗai ba, a 1970 kuma aka mayar da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar bincike ta Arewa House. Daga wannan sashe Yusufu Bala Usman ya fito, mutumin da babu shugaban jami'a ko gwamnan da ya ji daɗin harshensa.

Ba a rasa masu ganin bai dace Kirista ya shugabanci jami'ar da ke ɗauke da sunan Sardauna ba, kamar yadda ba a rasa masu ganin kusancinsa da Gowon, ɗan garinsu, shi ne jigon kujerarsa. Abin da za a iya aunawa shi ne cewa a zamaninsa karatun Larabci, addinin Musulunci da Hausa ya bunƙasa a Kwalejin Abdullahi Bayero har ta kama hanyar zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977, nazarin shari'ar Musulunci kuma ya kafu a Kongo. A Kongon ne Atiku Abubakar ya yi difilomar shari'a ya gama a 1969. Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ya yi digirinsa a Samaru daga 1972 zuwa 1975.

Shekarunsa na ƙarshe a kujerar ba su yi daɗi ba ga kowane shugaban jami'a a ƙasar. A 1973 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, gwamnatin soja ta ce ko su koma aji ko su fice daga gidajen gwamnati. Ranar 1 ga Oktoba, 1974 Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976, ɗalibai suka harzuƙa. Ranar 29 ga Yuli, 1975 aka hamɓarar da shi, Janar Murtala Muhammed ya hau, dubban ma'aikata suka rasa aikinsu a sharar da ta biyo baya. A wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar daga hannun jihohi, Audu ya sauka, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi. Ɗaya daga cikin 'yan ƙasa biyun nan na 1962 ke nan.

Siyasa ta kira shi a 1979, ya zama mataimakin Dakta Nnamdi Azikiwe a takarar shugaban ƙasa ƙarƙashin jam'iyyar NPP. Haɗin ba na banza ba ne. Azikiwe haifaffen Zungeru ne, ya ji Hausa tun yana yaro, kuma shi ma a kan tsarin kwalejojin noma na Amurka ya kafa Jami'ar Nsukka a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan. Sun zo na uku. Da NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta rasa rinjaye a majalisa, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP, Audu ya sami ma'aikatar harkokin waje.

Ya riƙe ta shekara huɗu masu wuya. Ya ga 'yancin Zimbabwe da taron tattalin arziki na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Legas, duka a Afrilun 1980. A Mayun 1981 jandarmomin Kamaru suka kashe sojojin Najeriya biyar a kan iyaka, jama'a da jaridu na neman a rama, gwamnati ta bi ta teburin sulhu har Kamaru ta ba da haƙuri. A ƙarshen wannan shekara Najeriya ta jagoranci rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka a Chadi ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga, tare da Senegal da Zayar. Rundunar ba ta da kuɗi, ba ta da takamaiman umarni, tana kallo Hissène Habré ya kori Goukouni Oueddei daga N'Djamena a Yunin 1982. A Janairun 1983 kuma gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashi kayansu, akasarinsu 'yan Gana, da 'yan Nijar da Chadi masu yawa. Ma'aikatar cikin gida ce ta yi sanarwar, amma ma'aikatar Audu ce ta sha kunyar kare ta a idon maƙwabta.

Abin da aka fi yi masa tsegumi a kai ya faru a Yulin 1981, lokacin da yarjejeniyar jam'iyyun biyu ta wargaje, NPP ta umarci ministocinta su ajiye aiki. Wasu sun bi umarnin, shi kuwa ya zauna a kujerarsa, ya rabu da jam'iyyar. Magoya bayansa sun ce harkar waje ta ƙasa ce, ba ta jam'iyya ba, kuma ba a sauya minista ana tsakiyar rikici da Kamaru da Chadi. Mutanen Azikiwe sun ce da inuwar jam'iyya ya hau, ya kamata ya sauka tare da ita. Kowanne ɓangare na da abin kamawa, sai dai hujjar 'yan NPP ta fi wuyar turewa, domin babu wanda ya zaɓe shi minista. Rabon jam'iyya ne aka ba shi. A zamanin wannan gwamnati ne aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, a Fabrairun 1983, ƙarƙashin Farfesa Jonathan Ndagi, shekara bakwai bayan ƙirƙiro Jihar Neja.

Bayan zaɓen 1983 Emeka Anyaoku ya karɓi ma'aikatar, amma hakan bai hana sojojin da suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba tsare Audu tare da sauran manyan jamhuriya ta biyu ba. Kimanin shekara guda ya yi a tsare. Da ya fito bai koma siyasa ba. Ya koma Samaru, gab da jami'ar da ya raina, ya riƙa duba marasa lafiya a asibitinsa na kansa, ya kuma kafa coci yana wa'azi. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005 a Amurka, yana da shekara 78. Watanni kaɗan bayan haka asibitin koyarwa na jami'ar ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika, bayan ɗalibai sun shafe shekara 38 suna koyon aikin likita a asibitocin da aka karɓa tun 1967.